Gishirin Bayan Katanga

Rana ta riga ta faɗa bayan katanga lokacin da maigidan ya gama naɗe tiyo. Ɗan hasken da ya rage ja ne, mai nauyi, ya kwanta a kan tafkin ninkaya da ke bayan gidan, wanda ruwansa ya koma rabi. Tsuntsayen da suka saba cika unguwa da hayaniya a irin wannan lokaci sun yi tsit, amma shi bai lura ba. Hankalinsa na kan safar hannunsa, inda wani abu mai yauƙi ya shafi babban yatsa. Ya zare ta a hankali yana yatsine fuska, ya jefa a kwandon shara, ya nufi famfo ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗauraye, ya sake sa sabulu.

Haka Allah ya yi shi. Tayil da kayan banɗaki yake sayarwa a bakin babban titi, kuma tun yana ƙarami yayarsa ta laƙaba masa Sarkin Tsafta, sunan ya bi shi har gidan aurensa. In ya gaisa da mutum, zuciyarsa ba ta kwanciya sai ya ga sabulu. Kofinsa daban, cokalinsa daban, tawul ɗinsa kuwa ko matarsa ba ta isa ta goge fuska da shi ba. 'Ya'ya uku gare shi, manyan biyu suna makarantar kwana, amma bai taɓa share wa ko ɗaya majina ba. Yana son su, wannan babu tantama. Sai dai nasa son daga ɗan nesa yake, sai an yi musu wanka an shafa musu mai tukuna.

Gidan ba wani babba ba ne, tsoho ne ma, amma wanda ya gina shi ya haƙa ɗan tafki a baya, kuma tafkin ne ya ja maigidan ya saya. Ya sake masa shuɗin tayil, ya haɗa masa na'urar gishiri a wani ɗan ɗaki da ke gefe. Aikinta mai sauƙi ne: a zuba gishiri a ruwa, inji ya ja ruwan ya bi da shi ta cikin wani bututu garai-garai mai jerin farantan ƙarfe, lantarki ya mayar da gishirin kulorin, kulorin ya kashe duk wata ƙazanta. Shi kansa bai cika shiga ruwan ba. Autarsa, yarinya 'yar shekara goma sha huɗu, ita ce kifin gidan. Shi dai ya zauna a kujera ya hango ƙasan tafkin tar, wannan ya ishe shi jin daɗi.

Sai wata safiya jar fitila ta kama a jikin akwatin na'urar, wadda ke nuna gishiri ya yi ƙasa. Ya sunkuya ya leƙa bututun, ya ga farantan sun yi wani farin ɓawo irin wanda ke kama gindin butar shayi, ga wani kore-kore mai yauƙi maƙale a bakin murfin. Ya san abin da ya kamata, domin mai kantin da ya sayar masa ya gaya masa tun ranar farko cewa a riƙa kwancewa ana wanke farantan. Ya kai hannu, tsigar jikinsa ta tashi, ya janye. Fitila dai gishiri ta ce, to gishiri zai ba ta. Ya farke buhu ya juye. Fitila ba ta mutu ba, ya ƙara wani. Ruwa ya fara dishi-dishi, daga nan ya juya kore, shi kuma yana ta ƙara gishiri yana tsaki. Ya duba wayoyi, ya sauya fis, ya ƙwanƙwasa akwatin, ya taɓa komai ban da bututun nan. Alhali farantan da ɓawo ya rufe ba sa jin gishiri ko da teku aka juye musu.

Da ya gaji, ya ɗebi ruwan a kwalba ya kai kanti. Mai kantin ya gwada, ya dube shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ya fi ƙarfin na'ura. Zubar da rabi ka cika da sabo, sannan ka wanke farantan."

Zubarwa kuma a ina? Magudanar titi a ƙofar gida take, maƙwabta su ga koren ruwa na fitowa daga gidan Sarkin Tsafta? Ina! A bayan katangar baya akwai wani fili da ciyawa ta cinye, a tsakiyarsa wani tsohon rami da aka rufe da langa-langa mai tsatsa, wanda ko da rani ba ya rasa ɗan ruwa a ƙasa. Nan ya cilla bakin tiyo ta saman katanga, ya kunna inji tun la'asar ya bar shi yana kwarara. Bai yi bisimilla ba, bai ma leƙa ramin ba, don ba ya son ganin abin da ke ciki.

Yana goge hannu bayan naɗe tiyon, matarsa ta kawo masa shayi a kofinsa. Ya kurɓa, ya furzar a kan ciyawa.

"Maman Auta, gishiri kika sa mini?"

"Gishiri kuma? Sukari ne, da hannuna na zuba."

Ta ɗebo nata ta ɗanɗana, ta tofar. Ta koma kicin ta buɗe famfo, shi ma gishiri. Ta buɗe robar ruwan da ke firij, wadda ba a taɓa fasa murfinta ba, ita ma haka. Suna tsaye suna kallon juna sai suka ji tim a kan rufi, wani abu ya gangaro ya faɗo gabansu. Maigidan ya tura shi da bakin takalmi. Dunƙulen gishiri ne jiƙaƙƙe, ya haɗe da baƙin taɓo, wari na tashi daga jikinsa. Wani ya sake faɗowa, sannan wani, daga can wajen katangar baya, inda babu gida babu mutum. Sai Auta ta leƙo daga ƙofar falo, tana riƙe da maƙogwaronta.

"Mama," ta ce, "ƙishirwa nake ji."

Tun daga wannan yammacin gidan ya canza. Da rana lafiya lau, ruwa ruwa ne, shayi shayi ne. Amma da zarar inuwar katanga ta kai bakin tafkin, sai iska ta tsaya cak, ruwan gidan duka ya koma gishiri, jifa ta fara. Daga ɗakin inji kuma sai a riƙa jin wani sauti ƙasa-ƙasa, sautin busasshen maƙogwaro da ke ƙoƙarin haɗiya ya kasa. Wani lokaci kuma kukan yara ƙanana ne a bayan katanga, kuka marar ƙarfi, na waɗanda suka gaji da yin sa. Maigidan ya ce 'ya'yan maƙwabta ne marasa tarbiyya. Matarsa ta dube shi kawai, ta ci gaba da share gishirin da ya warwatsu a tsakar gida.

Ita kuwa Auta, babu dare babu rana a wajenta. Duk abin da aka kai bakinta gishiri ne. Tana sha tana kuka, tana sha tana mayarwa, ƙishirwar ba ta tafiya. Leɓɓanta suka tsattsage, wani farin abu ya riƙa taruwa a gefen bakinta, idanunta suka faɗa ciki. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Aka ɗaura mata ruwa, leda bayan leda, amma in ka ja fatar hannunta sai ta tsaya a tattare. Likitan ya gaya wa uwar a gefe cewa yarinyar bushewa take yi, kuma bai san inda ruwan yake zuwa ba. Suka dawo da ita gida.

Tafkin ma ya ƙara lalacewa, don maigidan bai samu sukunin cika shi ba. Gansakuka ta rufe shi da kauri, talibambam suka cika gefe-gefe, tsutsar sauro na wutsil-wutsil a kan matakala, wani mataccen ƙadangare ya kumbura yana yawo cikinsa sama. In maigidan zai wuce ta wurin sai ya toshe hanci ya kau da kai. Abin da ya gyara don tsafta ya zama wurin da ya fi ko'ina ƙazanta a unguwar, kuma wannan yana cin ransa ƙwarai.

Wata magariba ya fito rufe ɗakin inji, ya ji wani sauti daga cikin tafkin, lak, lak, lak. Ya matsa ya leƙa. Auta ce kwance rub da ciki a kan matakala, ta tsoma fuska cikin koren ruwan tana lasa da harshe. Da ta ɗago, gansakuka na reto a haɓarta, wani talibambam na motsi a kan leɓenta, ta zura harshe ta haɗiye shi. Zuciyarsa ta ce masa je ka ɗauko ta. Ƙafafunsa suka ƙi. Taku kaɗan ne tsakaninsu, amma ya tsaya nan yana kallon yauƙin da ke bin wuyanta, abin da ya iya yi kawai shi ne ƙwala wa matarsa kira. Ita ta sheƙo a guje, ta faɗa ruwan da zaninta, ta rungumo 'yarta ta jawo ta waje. Auta ta juyo ta dubi ubanta, ta yi wata dariya da muryar da ba tata ba, murya ce ta tsohuwa tukuf. Shi kuma ya juya ya kwara amai a jikin katanga.

Daga ranar bai ƙara shiga ɗakin yarinyar ba. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya tambayi jiki, yana shaƙar numfashi ta baki, domin ɗakin warin tafkin yake yi komai yawan wankin da aka yi masa. Yana jin kunyar kansa, wallahi yana ji, amma kunyar ba ta kai shi ciki ba.

"'Yarka ce fa, Baban Auta," matarsa ta ce masa a hankali. "Mutuwa take yi, kai kuma kana toshe hanci."

Washegari da la'asar ita ta fita da kanta ta zo da Malam, wani dattijo siriri mai tabarau, wanda ya karantar da ita tun tana ƙarama, kuma aka san shi da ilimi da rashin son hayaniya. Bai zo da komai ba sai carbi. Ya zaga gidan a natse, ya tsaya a bakin tafkin, ya ɗauki dunƙulen gishiri ɗaya ya sansana, ya dubi katangar baya na ɗan lokaci. Sannan ya shiga ɗakin Auta ya zauna a ƙasa kusa da katifarta, uwar na riƙe da kanta. Maigidan ya tsaya a wurinsa na kullum.

Inuwa ta cika ɗakin kaɗan-kaɗan. Malam ya fara karatu, murya ƙasa, ba gaggawa. Jifa ta fara a kan rufi, ya ci gaba. Kukan yaran nan ya taso daga bayan katanga, ya ci gaba. Can sai jikin Auta ya sandare, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, ta miƙe zaune a lokaci guda, yarinyar da tun safe ba ta iya ɗaga kai. Ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya tana yatsine fuska, ta yi wani dogon tsaki.

"Ya isa, kai Malam. Ƙona ni kake yi."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Ina zaune a ramin bayan gidan nan tun kafin a aza tubalin katangar can."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ba komai. Tambayi ubanta, ga shi can tsaye yana toshe hanci." Muryar ta ƙara kauri. "Kai, 'yan Adam, ƙazamai! Ramin nan ni nake share shi, ni nake tace shi, ko ganye ba na bari ya kwana a ciki. Ruwa mai sanyi, mai daɗi, jikokina na sha. Rana ɗaya wannan mutumin ya jefo mana tiyo. Ruwan da suka wanke hammata, suka fyace majina, suka zubar da gumi da dauɗar ƙafa, har da fitsarin yara, shi ya juye mana a kai. Bai tsaya nan ba, ya haɗa da gishirin da ya ƙone komai. Kwaɗina sun mutu, idon ruwan ya toshe, harsunan jikokina sun tsattsage. Wai kuma shi ne mai tsafta! Tir."

Ta tofar da yawu a ƙasa. Maigidan ya ji kalmar ta shige shi har ƙashi. Shekara da shekaru yana ƙyamar mutane, yau ga wata halitta daga cikin rami tana ƙyamarsa, kuma ya rasa abin da zai ce ƙarya ne a cikin maganarta.

"An zalunce ki," Malam ya ce. "Amma ke ma zalunci kike yi. Ki fita daga jikinta."

"In fita su sha me? Da bakinta nake shayar da su. Duk abin da ta sha, su yake isa."

"Shi ya sa take bushewa. Ba za ki rayar da naki da ran 'yar wani ba."

Ya ɗaga murya ya koma karatu. Auta ta yi ƙara, ta toshe kunnuwa, ta riƙa birgima uwar na riƙe ta tana hawaye.

"Tsaya! To a yanka mini baƙar akuya a bakin ramin."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Nemi wani abin."

Maigidan ya yi karaf daga bakin ƙofa. "Ta ɗauki tafkin. Na ba ta, duka, har abada."

Tsohuwar ta juyo da fuskar Auta ta dube shi sama da ƙasa. "Wancan ƙazamin kududdufin? Allah ya kiyaye. Tilas ce ta sa muka sha shi, har yanzu zuciyata tashi take. Riƙe kayanka." Numfashin yarinyar na fita da ƙyar. "Ramina nake so. A kwashe abin da aka zuba, a yashe taɓon har idon ruwan ya buɗe."

"Gobe da sassafe zan kawo leburori," ya ce da sauri.

"Leburori ne suka jefo tiyo? Kai za ka shiga. Da hannunka, babu safa, babu takalmi. Kuma ba za ka fito ba sai ka kai ruwan bakinka ka ji babu gishiri. Abin da ba za ka iya sha ba, jikokina ba za su sha ba."

Maigidan ya dubi Malam, yana fatan ya ce wannan ma haramun ne. Malam ya cire tabarau ya goge.

"Wannan ba bauta ba ce, ɗana, gyaran ɓarna ne. Ko maƙwabcinka ɗan Adam ka yi wa haka, sai ka gyara." Ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannun yarinyar, ya ɗan jima. "Kuma ban ga alamar za ta kai gobe ba."

Sauran haske kaɗan ne a sama lokacin da ya zagaya bayan katanga da bokiti, matarsa na biye da shi da fitila. Ciyawar da ke kewaye da ramin ta ƙone ta yi fari. Ya ja langa-langar gefe, wani ɗoyi ya buso ya daki fuskarsa, ɗoyin ruɓa da ƙarni da wani hamami mai kama maƙogwaro. Matarsa ta haska. Ramin bai wuce tsayin mutum ba. A ƙasa ruwa ne baƙi mai kauri, matattun kwaɗi sun rufe samansa, sun kumbura, wasu sun fashe tsutsa na fita daga cikinsu. A bango gishiri ya daskare ya yi ɓawo, ƙudaje sun kwanta a kai.

Ya durƙusa ya yi amai har babu abin da ya rage a cikinsa. Ya miƙe ya ja da baya, ya juya kamar zai koma gida. A lokacin ne tarin Auta ya iso shi ta saman katanga, busasshen tari, ƙarami, wanda da ƙyar ya fita. Ya tsaya yana sauraro, ya ji bai ƙara zuwa ba. Sai ya cire takalmansa ya ajiye su a jere, ya yi bisimilla, ya zura ƙafa.

Ruwan ɗumi ne da shi, wannan ya fi komai tayar masa da hankali. Ya kai masa cinya. Taɓo ya shige tsakanin yatsun ƙafarsa, wani abu mai laushi ya fashe a ƙarƙashin diddigensa. Ya yi ihu, amma bai fita ba. Ya cika bokiti ya miƙa sama, matarsa ta karɓa ta kai nesa ta zubar a kan tsakuwa, ta dawo masa da shi. Haka suka yi ta yi. Ruwan na zubo masa a kai duk sa'ad da ya ɗaga bokitin, yana bin gashinsa, yana shiga kunnensa, yana gangarowa ta kan leɓensa yana tofarwa. Da ruwan ya ƙare sai taɓo, shi kuma bokiti ba ya kama shi, sai da hannu. Ya durƙusa a ciki ya riƙa kwasa da tafuka biyu, kwaɗi da tsutsa da ruɓaɓɓen ɓera da duk abin da ya samu. Gishirin bango ya yanka masa yatsu, ya shiga ciwon yana zugi. Yana kwasa yana yunƙurin amai, yana kwasa yana kuka, majina na zubo masa babu hannun gogewa.

Duhu ya gama rufewa sa'ad da farcensa ya taɓo tsakuwa. Ya ƙwaƙule wani dunƙulen baƙar laka da ya toshe tsakanin duwatsu biyu, sai ya ji sanyi ya ratsa yatsunsa. Ruwa ne ke tsatsowa daga ƙasa, siriri, a hankali. Ya kwashe na farko ya zubar, ya kwashe na biyu, ya wanke duwatsun da tafin hannu. Sannan ya tara hannu ya ɗebo. Matarsa ta matso da fitila. Ruwan bai gama washewa ba, ga baƙin taɓo a ƙarƙashin kowane farce, ga wani ɗan abu fari na yawo a ciki wanda bai so ya san ko mene ne ba. Ya rufe ido ya kurɓa. Gishiri. Ya tofar, ya sake yashewa, ya sake kurɓa, har yanzu da saura. Sai da ya yi ta maimaitawa, harshensa ya gama sanin ɗanɗanon ramin nan kaf, kafin ya ɗebo wani ya ji shi salam, mai sanyi, ya haɗiye.

A bayansa, cikin duhun ramin, ya ji wani ƙaramin sauti ya tashi, na bakuna da yawa ƙanana suna sha da gaggawa.

"Kada ka waiga," matarsa ta raɗa masa, ta miƙo masa hannu. Ya kama, ta jawo shi waje.

Suna isa ƙofar ɗakin suka tarar Malam na karatu, Auta zaune idanunta a rufe. Muryar tsohuwar ta fito, wannan karon a sanyaye.

"Sun sha."

"To ki yi alkawari ba za ki dawo ba, ke da naki."

"Na yi. Me zan dawo in yi a gidan nan? Ku dai ku riƙe ƙazantarku a cikin katangarku."

"Fita ta ƙaramin yatsan ƙafa, kada ki taɓa mata ido ko kunne."

Ƙafar hagun yarinyar ta yi rawa, ƙaramin yatsan ya miƙe ya saki. Ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a kan katifa. Rufin gidan ya yi shiru. Uwar ta ruga kicin ta ɗebo ruwa a kofi, ta ɗanɗana da kanta tukuna, sannan ta tallafo kan 'yarta ta kai mata baki. Auta ta kurɓa kaɗan, ta tsaya, ta buɗe ido. Sai ta kama kofin da hannu biyu ta shanye.

"Mama," ta ce da 'yar muryarta, "ruwan nan da daɗi."

Maigidan bai san lokacin da ya tsallake bakin ƙofar ba. Ya shiga ɗakin da ya daɗe yana gudu, hannuwansa a buɗe, baƙin taɓo tun daga gashi har ƙafa, yana kiran Auta, Auta, yana so ya ɗauke ta ya matse a ƙirjinsa. Yarinyar ta ɗago ta gan shi. Ta ja jiki ta lafe a bayan uwarta, ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Baba, wari kake yi! Kada ka taɓa ni."

Ya tsaya cak, hannuwan a buɗe. Uwar ta buɗe baki za ta tsawata mata, ya girgiza kai ya hana ta. Muryar 'yarsa ce, tata ta gaske, babu ta kowa a ciki, kuma maganar ta yi masa zafi fiye da yadda ya zata magana za ta iya yi. Ya sauke hannuwansa a hankali, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa taɓo na ɗiga daga haɓarsa.

"Ƙara mata," ya ce wa matarsa. "Ƙara mata, in ji tana haɗiya."